Hannun Daman Nomau

Ba mu kai Haɗeja ba sai da muka yi faɗa sau uku ni da Nomau, kuma duk ukun shi ya ja. Na faɗi wannan tun da wuri don mutanen Gaya sun riga sun yanke cewa duk inda aka ga rigima ni na kawo ta, shi kuwa waliyyi ne. To ba waliyyi ba ne. Taubashina ne, ɗan goggona ta Toranke, maɗinkin riguna, mai bakin da ko tsumma ka cusa masa sai ya sami kafar da zai tsokane ka.

Ni Mati sunana, wanzami ɗan wanzami, daga Gafasa. Karatuna izu tara ne, daga nan babana ya karɓe allon ya rataya mini zabira. Wanda ya ga rubutun nan ya karkace ya gyara a zuciyarsa, kada ya zo ya dame ni.

Ga abin da ya raba mu da gida. Tun Nomau yana saurayi ƙari ke fito masa, 'yan ƙululai a ƙarƙashin fata, a baya da haƙarƙari, kamar an watsa masa gujiya. Ba su dame shi ba. Sai wani ya fito masa a cikin dantsen hagu, sama kaɗan da gwiwar hannu, ya kai girman goro. Goggo ta ce ga ɗan'uwanka da aska, me za ka je yi wurin bare? Na sa ƙarti huɗu suka danne shi, na yanka yadda aka koya mini, na fid da abin ɗungum. Ciwo ya warke sumul. Amma ƙaramin yatsansa da na kusa da shi suka mutu, suka lanƙwashe kamar ƙafar yankakkiyar kaza, ko garwashi ka ɗora ba ya ji. Daga ran nan tabarmata a kasuwar Gaya ta zama kamar kushewa. Mutanen da ubana ya yi wa kaciya, ni na yi wa 'ya'yansu, su ne suka riƙa kewaye ni suna kai kawunansu wurin wani gurgu da ko wasa aska bai iya ba. Suka sa mini suna Mati Kashe-hannu.

Bayan shekara biyar wani ƙarin ya fito a dantsen dama, daidai irin wurin. Hannun allura ke nan. In an taɓa shi sai ya ce kamar kunama ta harbe shi har ƙarshen yatsu. In wannan hannun ya bi ɗan'uwansa, Nomau da iyalinsa sai dai su ci ƙasa. Goggo ta aika aka kira ni. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Ka kai shi inda aka fi ka sani." Shi ne muka bi ayarin alhazai muka nufi gabas.

A Kukawa ta Barno aka fara cutarmu. Aka nuna mana wani mai magani, rawaninsa kamar akurkin kaji, Hausa a bakinsa tsaf. Ya shafa ƙarin, ya rufe ido, ya daɗe yana gyaɗa kai, sannan ya ce aljana ce ta yi ƙwai a hannun, amma abu ne mai sauƙi, za a mayar da ƙwan jikin dabba. Ya tambaya ko muna da dabba. Muna da jaki ɗaya tal, shi ke ɗauke da kayanmu tun daga Ajingi.

Na ja Nomau gefe na ce, "Wannan ɓarawo ne."

Ya ce, "To, kai da ba ɓarawo ba ai mun ga aikinka." Ya ɗaga mini hannun hagu yana kaɗa shi.

Haka kowane musu namu yake ƙarewa. Mutumin ya ɗaura zare daga dantsen Nomau zuwa ƙafar jakin, ya yi turare, ya yi tofi har ya jiƙa mu, ya ce mu bar jakin mu tafi kada mu waiwaya, kwana bakwai zai mutu, ƙari kuma ya sace.

Ran kwana na takwas muna cikin kasuwa sai ga jakinmu an labta masa kanwa, ya yi ƙiba har gashinsa na sheƙi. Ni jinina ya hau kaina. Nomau kuwa sai ya je gabansa ya durƙusa kamar mai gaida suruki.

"Sannu da jinya," in ji shi. "Ya jiki? Kai ka ga ka sami sauƙi, ni har yanzu da saura. A dai riƙa shan magani."

Mutane suka taru suna dariya ba su ma san me yake cewa ba. Na so in je in kwance wa mutumin nan rawani in shaƙe shi da shi, madugunmu ya ce baƙo ba ya shari'a da ɗan gari, in kuma na nace su za su tafi su bar ni. Daga nan kayanmu a ka muka ɗauke su, kuma ni na ɗauki mafi nauyi, don wai shi majinyaci ne.

A ƙasar Wadai damina ta tsare mu wata bakwai. Ni ina aski, shi yana ɗinki, da haka muke ci. Ba ni da abin faɗa a kan mutanen nan sai cewa gashinsu ya cinye mini aska biyu.

A Fashar, cikin ƙasar Darfur, muka gamu da Inna Gambo. Muna tsaye a kasuwa muna musu a kan wanda ya manta da buta a zangon baya, zagi ya yi nisa, sai muka ji an daka mana tsawa da Hausa, Hausar gida, irin ta bakin rijiya.

"Kai! 'Ya'yan wace marar kunya ce suke zuba ashar a kan wainata?"

Muka daskare. Wata 'yar tsohuwa ce zaune gaban tanda, tsinke a hannu. Nomau ne ya fara dawowa cikin hankalinsa.

"Inna, a yi haƙuri. Wannan ɗan kawuna ne, amma wallahi ba ni na yi tarbiyyarsa ba."

Ta ce, "Daga ina?"

Muka ce Gaya.

Ta ajiye tsinken. Wainar da ke kan wuta ta ƙone tana kallo ba ta juya ta ba. Ashe mutuniyar Gaya ce. Ta fito aikin hajji da mijinta tun tana da ƙuruciya, ya rasu a nan, ita ba ta kai Makka ba, ba ta koma gida ba. Ta kai mu ɗakinta ta tuƙa mana tuwon dawa da miyar kuka. Babu ɗorawa a ƙasar, da 'ya'yan yakuwa take yin daddawarta, daddawar batso, amma da ƙamshin ya bugi hancina sai na ga tsakar gidanmu, har da turmin da ya tsage. Duk abin da Nomau zai gaya muku ƙarya ne, hayaƙi ne ya shiga idona.

Muna ci tana tambaya. Wane yana nan? Ya rasu. Wance fa? Ba mu san ta ba. Can sai ta ce, "Tsamiyar nan ta bakin karofi, ta ƙofar gidanmu, tana nan?"

Tsamiyar iska ta kayar da ita tun ina saurayi, da idona na ga ana faskara ta. Ni kuma kowa ya sani ba na ɓoye magana, shi ya sa ba ni da abokai. Na ce, "Tana nan, Inna."

Nomau ya dube ni, ya dubi tuwo, ya ce, "Bara ma har reshe ya karye don 'ya'ya."

Ita ce ta juya mana hanya. Da ta ga hannun ta ce kada mu bi alhazai, mu yi arewa mu tafi Misra. Ta ce akwai makaranta a can inda masu ilimin ɗibbu suke buɗe mutum su rufe, ta ga wani soja da aka cire wa harsashi a ciki yana barci bai sani ba. Na ce mata tatsuniya ce. Ta ce, "Kai dai da ganin goshinka gardama ce ta hana ka arziki." Ta ƙulle mana daddawa a tsumma, ta raka mu har bayan gari.

Daga Fashar zuwa Misra akwai hanyar da suke kira ta kwana arba'in. Wanda ya sa mata sunan nan bai bi ta da ƙafa ba. Muka shiga ayarin fatake a kan mu ja musu raƙuma su ba mu ruwa da abinci. Ba a ɓata a hanyar, ƙasusuwan raƙuman da suka riga ka su ne alama. Ruwan rijiyoyin kuwa ɗaci, ka sha cikinka ya yi ta kuka kamar an ɗaure akuya a ciki.

Wata rana da hantsi wani raƙumi ya juya, kayan da ke bayansa suka daki Nomau a dantsen dama. Bai yi ihu ba, zubewa kawai ya yi. Da ya tashi ya ce yatsu biyu ba sa ji. Na tsikare su da ƙaya, bai motsa ba. Kwana biyu bai tsokane ni ba. Ni da na shekara ina roƙon Allah ya rufe mini bakin nan, sai ga ni ina binsa ina tono. Na zagi Toranke, na ce tuwonsu kamar jar ƙasa, na ce ɗinkin ubansa ko buhu ya fi shi kyau. Ko kallona bai yi ba. Yana tafe yana riƙe da hannun a ƙirji kamar jariri.

Ran na uku da safe ina ɗaure wa raƙumi kaya sai na ji ya ce, "Mati, ka san abin da ya sa dabbobin nan suke binka ba gardama?"

Na ce a'a.

"Leɓen ne. Sun ɗauka yayansu ne."

Na juya, na gan shi yana murza yatsun, sun dawo. Na yi hamdala a zuci, a baki kuma na ce Allah ya tsine wa mai ƙarya.

Muka faɗa kogin Nilu a Asiyut, muka bi jirgin ruwa zuwa birnin Alƙahira. Gidaje a kan gidaje, mutane kamar an fasa gidan tururuwa, kuma ba wanda ya san inda makarantar Inna Gambo take, ko kuwa sun sani Larabcina ne ba sa ganewa, don a bakin masu raƙuma na koye shi, rabinsa zagi ne. Da muka same ta kuma mai gadi ya kore mu sau uku. Na shimfiɗa tabarma zan yi aski, wanzaman garin suka zo suka kifar mini da ruwa, wai suna da shaihinsu, ba mai buɗe zabira sai da izininsa. Nomau ya sami gefen rumfar wani maɗinki, amma allura ta fara zame masa, a wuni sai ta faɗi sau goma. Yana mai da abin wasa, ya ce allurar Misra santsi gare ta. Ni na san ba allura ba ce.

Aikin da na samu, in na faɗa a Gaya cewa suke ƙarya nake. A Misra ba kaza ke ƙyanƙyashe ƙwai ba. Suna da gidan ƙasa mai 'yan ɗakuna hawa biyu, a sama a hura wutar kashin shanu da ƙaiƙayi a hankali, a ƙasa a shimfiɗa ƙwai a kan tabarmi har ido ya gaji. Babu kaza ko ɗaya. Aikina in shiga da rarrafe in juya ƙwan ɗaya bayan ɗaya. Mai gidan ba ya auna zafi da komai sai fatar idonsa, ya ɗauki ƙwai ya ɗora a kan ido, ya ce a rage wuta ko a ƙara. Bayan sati uku gida ya cika da tsiyaki marayu. Nomau ya ce ya dace, Allah ya haɗa ni da waɗanda ba su da yatsun da zan kashe.

Akwai wani mutum mai jar dara da madubin ido da yake zuwa sayen ƙwai, amma ba ya son ɗanye, ba ya son wanda ya kusa fashewa, sai mai kwana biyu ko uku a ɗumi. Zuwansa na uku na kasa haƙuri.

Na ce, "Kai, abin da bai zauna ƙwai ba, bai zama kaza ba, me kake yi da shi? In tsafi ne ka faɗa."

Mai gidan ya kusa suma. Mutumin kuwa ya yi dariya har ya cire madubin yana goge ido. Ya ce in naɗe ƙwan a auduga in biyo shi. Ina biye da shi da kwando sai ga mu a ƙofar makarantar nan, mai gadin da ya kore mu ya miƙe yana gaisuwa. Ashe ɗabibi ne, wato likita, malamin masu yanka a makarantar, ya yi karatu har ƙasar Nasara.

Ya ɗauki ƙwai ɗaya ya huda masa 'yar taga da almakashi. A kan gwaiduwar akwai wani ɗan fari-fari, bai kai ƙumba ba. Ya ɗebe shi ya sa a ƙarƙashin wani bututun tagulla mai madubi, ya ce in leƙa da ido ɗaya. Na leƙa. Na ga abu shimfiɗe kamar yanar da ke kan madara, a tsakiyarsa kunya biyu sun tashi da kwari a tsakani, kamar an yi huɗa. Ya buɗe wani ƙwan da ya girme shi da wuni ɗaya. A nan kunyoyin sun tanƙwaro sun haɗe baki, sun zama bututu, kamar yadda Nomau yake naɗe bakin wando ya ɗinke ƙubaka.

Ya ce wannan bututun yana cikin abubuwan farko da ake ƙerawa, tun babu ƙashi babu fiffike. Gabansa zai kumbura ya zama ƙwaƙwalwa, sauran ya zama lakar da ke cikin ƙashin baya. Daga gefensa fararen zaruruwa za su fita su ratsa jiki har ƙarshen yatsa, da su ake ji, da su ake motsi. Abin da ya rage na yanar ya zama fata. Ya ce ɗan Adam ma haka yake a cikin uwarsa, tun bai kai ƙwayar dawa ba.

Mu wanzamai duk abin da muka gani a ƙarƙashin fata jijiya muke ce masa, kuma wadda ke zub da jini kaɗai muke tsoro. Ba wanda ya taɓa gaya mini akwai wadda ba ta jini amma ita ce ran hannu.

Ya ce wani lokaci ƙari yakan fito a jikin zaren nan, daga rigar da ta lulluɓe shi. Wasu malamansu suna cewa ragowar kayan farkon nan ne da ba a yi aiki da su ba, suka kwanta shekaru sannan suka farka. Ya ce shi bai tabbatar ba, Allah ne masani.

Na ce, "Irin wanda in an ƙwanƙwasa shi mutum ya ji kunama har yatsu?"

Ya ajiye almakashin. Ya ce, "A ina ka gan shi?"

Washegari na kawo Nomau. Ɗabibin ya duba na baya ya ce a bar su, ba su tsare wa kowa hanya ba. Ya kama na dantsen dama, ya tura shi gefe ya tafi, ya tura shi sama ya ƙi. Ya gyaɗa kai. Sannan ya ɗaga hannun hagu, ya ga tabon, ya ga yatsun.

"Wa ya yanka wannan?"

Shekara bakwai da 'yan kai Nomau yana tallata ni da hannun nan, daga Gaya har Misra babu kasuwar da bai ba da labarin ba. Na sunkuyar da kai ina jira. Sai na ji Nomau ya ce, "Wani tsoho ne a ƙasarmu. Ya rasu."

Na ce, "Ni ne mamacin."

Ɗabibin ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Ya ce tsawon wane lokaci na ɗauka. Na ce kafin a karanta Ƙulhuwallahu ƙafa uku na gama, kuma na faɗa da ƙarfi, don a wurinmu abin yabo ne. Ya ce to shi ne. Ƙarin a jikin zaren yake, ni kuma na datse sama na datse ƙasa kamar mai yankan igiya, na fid da shi da guntun zaren a ciki.

Na ce, "Malam, a ƙasarmu mutum huɗu ke zama a kan wanda ake yanka, idonsa biyu, uwarsa tana bayan zana tana ji. Wanzamin da ya yi nawa mugu ne. Ubana ya ce aska ba ta komawa wuri sau biyu."

Ya ce ubana ya yi gaskiya a zamaninsa, su ma malamansu da sauri suke alfahari kafin a sami ruwan barci da ake shaƙa a tsumma, wanda suke kira banju. Ya shafa tabon ya ce hannuna bai yi rawa ba, idona ne bai san abin da ke ƙasa ba. Wannan na dama kuwa sai a tsaga rigar zaren a tsaye, a bi a hankali a ɓare shi. Bai yi alkawari ba. Ya ce mu zo ran Asabar.

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci muna zaune a inuwar rumfar maɗinkin, ba kowa, sai Nomau ya ce, "Ba zan je ba."

Na ce ya sake faɗa.

"Ba za a kashe ni da ruwa a tsumma ba. In na wuce daga barcin fa? Ba salati, ba kalmar shahada, a hannun mai jar hula? Me za ka gaya wa goggonka?" Ya naɗe hannun riga ya miƙo mini dantsen. "Ka ji bayani, ka leƙa bututu, ka san inda zaren yake. Kai za ka yi. A nemo ƙarti huɗu."

Na ce, "Wasa kake."

"Yaya Mati," in ji shi. Tun da aka haife shi bai taɓa ce mini yaya ba. "Askarka nake so."

Ba zan yi muku ƙarya ba, maganar da na shekara bakwai ina jira ke nan. Na jawo zabira. Na zaro askar da ta fi kaifi na wasa ta a tafin hannu. Na ga kaina a kasuwar Gaya, Nomau yana ɗaga hannu yana cewa ga wanda ya gyara, gurgun nan yana naɗe tabarmarsa, masu kewaye ni suna layi da kawunansu. Hannuna ko rawa ba ya yi. Na kama dantsen na lalubo ƙarin.

Sai na juya askar na ɗan ƙwanƙwasa shi da ƙota, kaɗan, kamar mai gwada tulu.

Nomau ya yi tsalle har kansa ya daki rufin rumfa, ya ƙunduma mini zagin da ban san ya iya ba.

Na ce, "Da ƙota ke nan. Aikin da mutumin nan ya faɗa sai an daɗe ana yi kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Ƙarti goma ba za su riƙe ka ba. Za ka fizge, ni kuma in yi abin da na iya, in datse. Sauri kaɗai na iya, Nomau. Ba zan yanka ba."

"Matsoraci."

"Na ji."

"Kashe-hannu."

"Shi ya sa."

Na naɗe askar na mayar. Ya juya mini baya. Can na ce, "Shahada ce damuwarka? Ni zan zauna a kunnenka in yi ta faɗa tun daga lokacin da za ka rufe ido har ka buɗe. In ka wuce da ita ka wuce."

Ya juyo ya dube ni. Sannan ya ce, "Da wannan muryar taka ta jaki? Mala'iku ma sai su ƙi zuwa."

Na san ya yarda.

Ran Asabar da hantsi aka kwantar da shi a kan wani dogon katako kusa da taga. Aka ɗiga ruwan a tsumma aka ɗora masa a hanci. Ya fara wani zance a kan jakinmu na Kukawa, bai kai ƙarshe ba ya tafi. Na durƙusa a kunnensa na kama kalmar shahada. Ɗabibin ya ce in rage murya ba kiran salla ba ne. Na rage, amma idona yana kan hannun.

Ya tsaga fata a tsaye. Ya buɗa. Ga zaren nan fari, kaurin tsinken tsintsiya uku a haɗe, ya shiga ƙarin ta sama ya fita ta ƙasa, daidai inda ni zan sa aska. Bai sa ba. Ya tsaga rigar a hankali, ya ajiye wuƙar, ya ɗauki wani ɗan ƙarfe marar kaifi ya riƙa ture zaruruwan gefe ɗaya bayan ɗaya. Ni da ke kallo na gaji. Da mace ce ta ɗora tukunya da ta tuƙa tuwo ta kwashe. Sau biyu ya tsaya aka goge masa gumi. Maƙogwarona ya bushe, kalmar tana fita kamar ana jan ƙaya, ban tsaya ba. Can sai abin ya zame ya fito ɗungum, sumul, kamar gwaiduwar dafaffen ƙwai, ya bar zaren kwance a wurinsa bai tsinke ba. Ya ɗinke, kuma ɗinkin ko Nomau ba zai kushe ba.

Da ya farka amai ya fara yi, a kan rigata. Ɗabibin ya ce aman ba komai ba ne, abin dubawa shi ne zare yana iya zama lafiya a ido amma ya ƙi aiki, sai an gwada. Ya sunkuya ya ce masa ya motsa yatsu.

Hannun yana kwance a kan katako kamar ba nasa ba.

Ɗabibin ya sake faɗa. Na maimaita masa da Hausa. Na ce, "Nomau, don girman Allah, motsa." Hannun bai motsa ba. Idonsa yana yawo a rufin ɗaki, ya bi taga, ya bi jar darar ɗabibin, ya sauko a hankali har ya same ni durƙushe da amai a ƙirji. Ya tsaya a kaina.

Sai hannun ya tashi. Yana rawa, amma ya tashi, ya juyo tafin ya saita fuskata, ya ware yatsun ya watsa mini daƙuwa.

"Ungo," in ji shi.

Na ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, har ƙaramin. Biyar ne, a miƙe. Na ce ya ƙara, ya ƙara. Tun da uwata ta haife ni ba a taɓa zaginta na ji daɗi irin na ranar ba.